Azahar a Tsibirin da Babu Ladan

Ni mutumin gona ne. A Awali, unguwar gonaki a Madina, na tsufa ina hawan dabino. Ban taɓa ɗaura agogo ba, don a Madina ba ka buƙatarsa. Ka ji ladan, ka ajiye abin da ke hannunka. Ko ba ka ji ba, in ka ga masu kanti suna jan ƙofa, ka san lokaci ya yi.

Bayan rasuwar matata, babbar 'yata ta ce dole in huta. Ita da mijinta suka ɗauke ni zuwa Yunan, wato Girka. Jirgin sama, sannan jirgin ruwa. Na yi amai har muka sauka. Tsibiri ne ƙarami. Gidaje farare, awaki, kuliyoyi, tsofaffi. Shiru kamar maƙabarta.

Washegari suka shiga kwalekwale yawo. Na ce ruwan jiya ya ishe ni. Na zauna bakin teku ina jiran Azahar.

Rana ta raba tsaka, ban ji kira ba. Na ce ko iska ce ta ɗauke shi. Na ci gaba da jira. Can sai na ga mai burodi ya ja ƙofa, mai kifi ma ya rufe, titi ya watse. Na ce alhamdulillahi, ashe akwai musulmi. Na yi alwala a wani famfo. Wani dattijo mai gemu da baƙar riga yana hawa tudu zuwa wani farin gini mai ƙubba. Na bi shi.

Na cire takalmi, na shiga da ƙafar dama.

Hotunan mutane ne a bango har sama. Kyandirori suna ci. Ga gicciye a gabana. Dattijon ya yi murmushi, ya miƙo mini ruwa a kofi. Na sha, don ba a mayar da ruwa. Na fita da baya, takalmi a hannu, dutse yana ƙona mini ƙafa har masauki.

Na tarar sun dawo.

Na ce wa 'yata, "Ina masallacin garin nan?"

"Ma fi, Baba. Babu ko ɗaya."

"To masu kanti ina suka tafi?"

Ta toshe baki tana dariya. "Barci."

"Barci? Gari guda?"

"Wallahi. Kullum haka suke yi."

Ta duba waya, dariyar ta tsaya. La'asar ta riga ta shiga.

Na taɓa faɗowa daga kan dabino na karye. Na binne mata da ɗa. Duk da haka Azahar ba ta taɓa fita ta bar ni ba, sai ranar, ina zaune lafiya lau da alwala.

Surukina ya ce, "Baba, ai ku matafiya ne, kuna iya haɗawa."

Na ce, "Ban yi niyyar haɗawa ba. Jira na yi."

Na yi sallolin biyu a kan soro. Ban sauko ba. Na tsare rana da ido har ta faɗa cikin ruwa. A Madina wane ni in kira salla? Amma nan babu kowa. Na tashi, na sa yatsu a kunne, na kira Magariba. Na ma sarƙe a tsakiya. 'Yata da mijinta suka hawo da gudu. Na ce su yi sahu.