Gefen da Ba Nawa Ba

Ko me zan manta a duniya, ban da ranar da aka kai ni hoton ciki a Birnin Kudu. Shekaru sun ja, amma har yau idan na tuna sai bakina ya yi ɗaci.

Lokacin ina da 'ya ɗaya, ga ciki na biyu ya tsufa. Cikin nan bai zauna mini kamar na fari ba. Wani abu mai tauri nake ji ya tokare ni a kwiɓi, motsin ma duk a gefe. Ni kuwa dama mai fargaba ce, zazzaɓi kaɗan 'yata ta yi sai na kasa cin abinci. Na yi ta damun maigidana har ya gaji ya ce mu je. Muka hau babur daga Kwandiko zuwa bakin titi, muka shiga mota.

Wurin ba asibiti ba ne, shago ne mai ɗaki biyu. Mu biyu aka shigar ɗakin ciki, ni da wata mata daga Wurno. Ita aka fara yi wa. Boko dai a firamare na tsaya, amma Allah ya ba ni ido. Na ga kan ɗanta a allon na'urar, zagaye kamar ƙoƙo, can ƙasa. Mai hoton ya ce, "Madalla." Da aka zo kaina, sai na ga ƙoƙon ya koma gefe. Bai ce madalla ba. Ya tsuke baki, ya danna wasu rubuce-rubuce, ya ce mu karɓi takarda a waje.

A waje ƙaninsa ne ke zaune gaban kwamfuta, shi ke sa suna ya buga takarda. Bai daɗe da dawowa daga Kano ba, kuma ya zo da wani abin da ban taɓa gani ba. Idan ya ja hannu, sai abin da ke cikin allon ya ja da baya ya zama dunƙule mai gefe-gefe, yana juyawa. A gefe ɗaya ana buga ƙwallo. A na biyu wasan karta. Na uku hoton matar Wurno da bayaninsa a ƙasa, na huɗu nawa. Dukkansu suna aiki lokaci guda, ko da an juya musu baya.

Wani abokinsa direba yana tsaye a kansa, baki buɗe.

"Ka gani? Kwamfuta huɗu a cikin ɗaya," in ji mai kwamfutar. "Ko a Dutse babu mai wannan."

Direban ya ce, "Kai, sake wulwula shi in gani!"

Ya wulwula, abin ya yi ta juyi, suna dariya. Ni kuwa idona na kan gefena, ina bin sa kamar mai bin ɗanta a kasuwa. Da ya tsaya, sai ya tsaya a kan ƙoƙon da ke ƙasa. Mai kwamfutar ya ɗago ya tambayi maigidana sunana, ya fara dannawa.

Ban san sunan abin ba, sai na kira shi da abin da ya yi mini kama.

"Malam, wannan gefen ba nawa ba ne. Ka ƙara juya magin sau ɗaya."

Shagon ya ɗauke da dariya. Direban har da riƙe ciki.

"Magi! Malam, a sa mana a miya!"

Mai kwamfutar ya dube ni sama da ƙasa. "Hajiya, aji nawa kika yi? Duk hoton ciki ai kamarsu ɗaya."

"Nawa kansa a gefe yake, na gani."

Maigidana ya ji kunya a gaban maza. Ya ce a hankali, "Ke, ya isa. Za ki koya masa aikinsa ne?"

Aka miƙo takarda, maigidana ya ninke ya sa a aljihu. Matar Wurno ma aka ba mijinta tata, suka wuce.

A gida aka kai wa malamin asibitin garinmu ya karanta. Ya ce kai yana ƙasa, komai daidai. Na sake faɗin abin da na gani. Inna, uwar mijina, ta ce, "'Yar nan, fargabarki ta yi yawa. Kwamfuta ma ta ce lafiya, me kuma kike nema?" Labarin magi kuwa ya riga ya zaga gidan, har yara na tsokanata da shi. Aka yanke a ɗaki zan haihu kamar kowa.

Da naƙuda ta zo, ta daɗe babu haihuwa. Ƙarshe hannu ne ya fara fitowa. Ungozoma ta saki salati. Kafin a samo mota, kafin a kai ni babban asibiti, kafin a yi mini aiki, ɗan ya riga ya koma. Namiji ne.

Da na farfaɗo, na ji likitar tana yi wa maigidana faɗa. "A gicciye yake! Me ya hana ku yin hoto?"

Ya zaro takardar ya miƙa mata. Ta duba, ta sake dubawa. "Wannan ba cikinta ba ne."

Maigidana bai iya haɗa ido da ni ba har aka sallame mu. Daga baya ya koma shagon, aka ce masa kwamfuta ba ta kuskure. Da ya matsa, aka ce ƙaddara ce. Matar Wurno kuwa ban san abin da takardata ta ja mata ba. Wataƙila an yanka ta a banza.

Na yarda da ƙaddara, amma ba ƙaddara ce ta wulwula abin nan don burge direba ba. Ba kwamfutar nake jin haushi ba ma, ita ta ajiye hotona daidai, yana nan a gefenta, juyi ɗaya tak ya rage.

Abin da na koya shi ne, idan idona ya ga abu a kan 'ya'yana, ba na barin wurin sai an duba, ko waye a zaune, ko na kira abin da sunan da ba nasa ba. Duk mai dariya ya yi. Tasu dariyar ta ƙare kafin mu kai tasha, ni kuwa ɗana da yana raye, da yau ya isa hawa babur.