Baba Ya Rama Ƙwayoyinsa

Duk faɗin garin Lafiya babu wanda ya kai ni gane ciwo da ido. Akuya ma in ta yi tari a unguwarmu, ni ake kira. Saboda haka ranar da Baba ya ture kwanon sakwara, ya yi ta amai, ya ce farar rigata ta koma ruwan ɗorawa, ƙwan fitila kuma ya yi zobe, ko zama ban yi ba na yanke hukunci: shawara ce. Na sa aka dafa masa ganyen gwanda.

Maƙwabciyarmu nas ce, 'yar ƙabilar Tibi. Ta shigo gaishe shi, sai ya kira ta da sunan ƙanwarsa da ta daɗe da rasuwa. Ta kama wuyan hannunsa, ta ƙirga bugun zuciyarsa.

"Oga, zuciya yana tafiya a hankali sosai. Ba shawara ba ne."

Na ce, "Madam, tun ba ki san allura ba nake ganin shawara."

"To duba idonsa. Fari tas."

Na duba. Fari ne, amma na ce hasken ɗakin ne bai da kyau. Ta ƙyale ni, ta tambayi Baba ƙaramar farar ƙwayar nan ta ciwon zuciya, wadda likita ya ce ɗaya kullum, nawa yake sha.

"Na je haƙar doya Kwandere, na manta da ita a gida," in ji shi. "Da na dawo na rama. Salla ma in ta wuce ka, ramawa ake yi."

Ta dafe kai. Ta ce jikin tsoho ba ya fitar da maganin nan da wuri, taruwa yake ya zama guba, in muka tsaya musu zuciyar za ta tsaya. Na ɗora shi a mashin, ƙanena ya riƙe shi ta baya, na yi gudun da har yau 'yan acaɓa ke ba da labari. A asibiti suka tsayar da ƙwayar, suka ɗebi jini, suka ba shi gado.

Har gobe ina nan a kan bakata: ni na fara lura ba shi da lafiya, sunan ciwon kawai na kuskure. Ina cikin bayyana wa 'yan dubiya haka, Baba ya buɗe ido ɗaya.

"Da na biye maka, da yanzu gumba kake raba musu, ba labari ba."