Wardin da Ya Ci Gindin Katanga

Wata ma'aikaciyar asibiti 'yar kudu ce ta ba ni reshen, shekarar da muka tare a gidanmu na Kankia. Ta ce furen wardi ne mai hawa, yana son ruwa da taki. Ni kuwa da zaƙewa, na dasa shi daf da gindin katangar ƙasa da ta raba mu da maƙwabta. Bokiti biyu da safe, biyu da yamma, ga kashin awaki. Maigidana ya ce, "Katangar laka kike yi wa wanka kullum?" Na ce ya bar ni da abina.

Cikin shekara biyu ya haye katangar ya zubo ta can. Ƙamshi kuwa ba a magana! Inna, tsohuwar gidan maƙwabtan, wadda idonta ya tafi, ta sa aka mai da tabarmarta ƙarƙashinsa. Kullum da hantsi tana nan tana jan carbi, ina jiyo tarinta.

Rannan da damina, bayan ruwan kwana uku, na durƙusa cirar ciyawa na dafa gindin katangar. Hannuna ya nutse kamar cikin tuwo. Na ɗaga rassan: tsaga ce tun daga ƙasa har sama, katangar ta sunkuya wajen Inna. Sai na ji tarinta.

Innalillahi! Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ko kira na kasa ƙwallawa, gani nake muryata ma za ta iya ture ta. Na zaga da gudu, ba mayafi ba takalmi, na afka gidan mutane ba sallama, na sungumi tsohuwa.

"Ke 'yar nan, lafiya? Carbina!"

Allah ya tsare, katangar ba ta faɗi ba. Maza suka tokare ta da azara, magini ya ce sai an sare furen an tone saiwarsa. Ni na riƙe addar da kaina, ƙaya na yagata ban ji ba.

'Ya'yan Inna ba su gaya mata abin da ya so ya faru ba. Da aka gama gyara, ta koma wurinta. Ina shanya na ji muryarta ta bayan katanga:

"'Yar nan, mura nake yi ne? Kwana nawa ke nan ban ji ƙamshin nan ba."

Na matse jiƙaƙƙen zanen da ke hannuna, na shanya.

Na ce, "Mura ce, Inna."