Rabon Gadon Gwaggo

Babanmu bai taɓa zama soja ba. Ko tafiyar kirki bai iya ba balle fareti, ƙafarsa ta hagu jan ƙasa take yi. Amma duk mai tsohon babur ɗin soja a garinmu, irin masu kwandon zama a gefe da aka yi gwanjonsu tun kafin a haife ni, ya san ƙofar shagonsa. Mai Ƙwarangwal ake ce masa, kuma sunan bai taɓa ɓata masa rai ba.

Baburan nan ba su da yawa, kamfanin da ya ƙera su kuma ya daɗe da rufewa. Babu inda za ka je ka ce a ba ka sabon kayansu a kwali. In abu ya lalace, sai dai a ciro daga jikin wani da ya riga ya mutu. Sana'ar Baba ke nan, farautar matattu. Ya ji labarin akwai wani a bayan tsohon bariki, ko a wani kango kaji na ƙwai a kwandonsa, sai ya ɗauki jakar sifanunsa ya kama hanya. Ya dawo da shi a bayan akori-kura, ya farke shi, ya wanke komai da kananzir ya jera a kan katako: kafireta nan, fitilu can, notuna a gwangwanayen madara. Mu da muka tashi a gidan ba mu san warin bakin mai wari ne ba sai da muka shiga makaranta aka fara toshe mana hanci.

Yana da doka ɗaya da yake taƙama da ita. Ba ya taɓa babur mai rai, ko nawa za a ba shi. Amma wanda ya daina tashi, ya zauna har gizo-gizo ya yi saƙa a tayarsa, wannan a wurin Baba gawa ne, kuma 'yan'uwansa ke da gadonsa. Na sha jin sa yana yi wa mutane wannan wa'azin. Wata mata da ba ta son rabuwa da babur ɗin marigayin mijinta, sai da ya yi ta sintiri gidanta.

"Baiwar Allah, wannan ya riga ya tafi," in ji shi. "Ki bar shi ya raya 'yan'uwansa. Riƙe gawa ba ƙauna ba ce."

Tana kuka ya ɗora shi a mota. Ya dawo gida yana murna.

Shi ma yana da nasa. Bai saye shi ɗungurungum ba, haɗa shi ya yi a tsawon rayuwarsa. Duk gawar da ya farke, in ya ga abu mafi kyau sai ya ware wa kansa. Tankin daga wani gari, sirdin daga wani, har ya tashi babur guda, kore shar, babu abin da ya rasa. Mu yara muka sa masa suna Gwaggo, don Baba ya fi gaishe shi da safe a kan 'yan'uwansa na jini. Ko bayan da ƙafarsa ta hana shi hawa, kullum sai ya buga masa kik, ya bar shi yana gurnani yana saurare da ido a rufe, Inna na daga ɗaki tana cewa a tausaya wa maƙwabta.

Cikin masu zuwa shagon akwai Kofur, wani tsohon soja da ya taɓa kai saƙo da irin baburan a zamanin aikinsa. Matarsa na da ciwon ƙoda, asibiti ake kai ta wanki a kai a kai. Lungunsu mota ba ta shiga, ita kuma ba ta iya zama a bayan babur. Kwandon nan ne gatanta. Ya shimfiɗa mata bargo da matashin kai a ciki, ya tuƙa ta a hankali kamar mai ɗauke da tiren ƙwai.

Wata rana aka turo babur ɗin Kofur shago. Su waɗannan baburan ba su da sarƙa, sandar ƙarfe ce ke juya tayar baya, a ƙarshenta kuma akwai wani dunƙulen ƙarfe mai haƙora da su Baba ke kira haƙori kawai. Na Kofur ya cinye, ya zama dasashi.

Baba ya birkice shagon bai samu ba. Shi ne abin da ya fi saurin ƙarewa a jikinsu, duk gawar da ya taɓa saye nata ya riga ya tafi. Ya bi 'yan gwangwan rumfa-rumfa yana tona tsibin ƙarafa har wani ƙarfe ya yanke shi a hannu. Ya kai wa mai walda aka ɗora wa tsohon sababbin haƙora, ko mararraba ba su kai ba suka zube. Aka sassaƙa sabo a inji, ƙarfen ya yi laushi, ya tauna kansa. Baba ya daina cin abincin kirki. Ranar da ya je gaya wa Kofur a ƙara haƙuri, a bakin lungu ya same shi yana turo matar a baro zuwa titi, ta rufe fuskarta da mayafi don kunya.

Da ya dawo bai shiga gida ba. Na leƙa shago na same shi a durƙushe a bayan Gwaggo da sifana.

"Baba, mai rai ce fa," na ce.

"Aro ne. In na samo wani zan mayar mata."

Sai da na riƙe masa fitila ya kama notin. Washegari babur ɗin Kofur ya wuce ta ƙofar gidanmu, matar na kwando ta ɗago mana hannu. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Ban san abin da ke tafe ba.

Gwaggo ta zauna a kan bulo, tayar baya a jingine da bango. Da farko Baba ya ci gaba da tayar da injin da safe. Sai Mai Burodi ya zo, wanda ke rarraba burodi a kwandon nasa. Kafiretarsa ta tsage. Ya zauna ya sha shayin Baba, yana magana idonsa na kan Gwaggo.

"Mai Ƙwarangwal, tunda dai ba tafiya take ba…"

"Jinya take, ba mutuwa ta yi ba."

"Haba! Kai da bakinka ka ce mana wanda ya daina tafiya 'yan'uwansa ke da shi. Ko dokar ta mutane ce ban da kai? Ni ma ai aron zan yi. Yara na gida, burodi na bushewa."

Na zaci Baba zai kore shi. Sai ya tashi ya ɗauko sifana. Daga ranar babu kafireta, babu sauran gurnanin safe. Inna da ke ƙorafin ƙara ita ce ta fara cewa gidan ya yi mata shiru da yawa.

Labari ya bazu cewa an buɗe Gwaggo. Mai haƙar rijiya ya ɗauki abin wuta. Wani malamin makaranta ya ɗauki birki. Har ɗan matar nan da Baba ya yi wa wa'azi ya zo, yanzu ya girma ya sayi nasa, ya maimaita masa maganarsa kalma da kalma, ya fita da fitila. Kowa aro, kowa da dalili mai kama hankali, kuma ban taɓa ganin wanda ya dawo da ko noti ba. Raina ya ɓaci matuƙa. Na ce wa Baba ya sa kwaɗo a shagon, ya ce musu a'a sau ɗaya a rayuwarsa, ai ba kashe shi za su yi ba.

"Da wane bakin?" ya ce. "Ni na koya musu."

Ya dai ƙara ƙaimi wurin nema, don ya san in haƙori ya samu aka mayar da tayar, zai iya cewa mai rai ce a sake ta. Ni na ɗauki hoton tsohon haƙorin na watsa a waya, na shiga zaurukan masu tara tsofaffin babura, aka yi ta turo mini hotunan abubuwan da ba su ba. Wani ya aiko mana da guda daga nesa, Baba ya kwance ƙunshin, ashe na babur ɗin da ba shi da kwando ne, haƙoran ba su hau ba. Ranar na ga ya zauna a kan benci ya daɗe yana kallon hannuwansa. Ya rame, idonsa ya fara hazo, yana laluben noti da yatsa. In na tashi da safe sai in ji shi a shago yana share ƙura a abin da ya rage.

Damina biyu ta wuce kafin Kawu, ƙanin Inna da ke tuƙa babbar mota, ya iso da wani abu a naɗe cikin tsumma. A wani gari mai nisa ya gan shi, mai shago ya tokare ƙofa da shi. Baba ya karɓa, ya bi haƙoran da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya. Shi ne. Ko ƙwarzane babu, kamar ba a taɓa ɗaura shi ba.

"Shi ne, Yaya?" in ji Kawu.

"Shi ne."

Muka bi shi shago, ni da Kawu da Inna. Ya tsaya a gaban bulon. Babu inji, babu tanki, babu sirdi. Tayar da ke jingine da bango ma wani ya ara. Ƙashin ƙarfe ne kawai, koren fenti na ɓarewa a jikinsa, da sandar nan a miƙe babu komai a ƙarshenta. Kawu ya fara cewa ai a hankali za a sake tarawa, Inna ta taka masa ƙafa ya yi shiru.

Baba ya shafa wa haƙorin giris, ya naɗe shi da kyau, ya miƙo mini.

"Ɗora shi can sama, inda ɓera ba zai ja tsumman ba. Na Kofur zai sake cinyewa."

Na ɗora. Da na juyo, ya ɗauki sifana yana kwance sandar, ita ma zai jera ta a katako.