Cokalin Man Zurma

Wata Asabar cikin watan Maris na 2013, ina 'yar shekara goma, teburin cin abincinmu a unguwar Parkchester, can ƙasar Turawa, ya koma garejin makanikai. Gwangwanayen tumatir, kwalaye da gam ko'ina, Mama sai tsaki take ja. An ce kowa ya kawo aikin kimiyya makaranta, Baba kuwa ya zaɓa mini nawa ko shawara babu: kwatanta injinan motocin alfarma na farko. Direban bas ne, amma a zuciyarsa maƙerin mota ne. Ya jera gwangwani shida a layi ɗaya, ya ce wannan injin sumul yake tafiya, ba ya jijjiga mai mota. Ya kafa goma sha biyu a layi biyu kamar buɗaɗɗen almakashi, ya ce wannan ya fi ƙarfi, sai dai shan mai gare shi. Har kwalbar man zurma ya sayo, wai shi ake zuba wa wasu injinan a wancan zamani, don zafi ba ya tsinka shi. Na haddace komai tsaf, domin wanda ya yi fice za a kai aikinsa babbar gasa, ni kuwa na sa rai.

Ranar nunin na tashi cikina yana juyawa don fargaba. Baba ya fita aiki, Mama tana wanka. Hajiya, mahaifiyar Baba da ta zo mana daga Kano, ta ji ina nishi. Ta hango kwalbar cikin kayana, ta buɗe ta shinshina, fuskarta ta washe. "Allah ya yi wa ubanki albarka, ashe ya san magani." Hausata ta gudu, na shiga rantse mata da Turanci cewa na mota ne. "Mota ciki gare ta? Buɗe baki, ja'ira."

Ta cika cokali da man ta ɗura mini. Wallahi ban taɓa haɗiye abin ƙyama irinsa ba. Ga kauri, ga yauƙi, ga wari irin na tsohon tsumman kicin, ya manne a maƙogwarona ya ƙi wucewa. Ta bi shi da ruwan ɗumi, ta goge mini baki da gefen mayafinta.

Ina tsaye gaban malamai, na gama bayanin mai shida, na ɗaga kwalbar zan shiga mai goma sha biyu, sai cikina ya yi wani rugugi da har na teburin gaba suka waiwayo. Na ajiye kwalbar na ranta a na kare. Kafin in fito daga banɗaki an wuce teburina, wani yaro mai dankalin da ke kunna fitila shi ya tafi gasar. Na dawo gida ina kuka, Hajiya ko a jikinta. "Ai ga shi cikin ya wanku," in ji ta.

Yanzu in cikina ya murɗa ranar wani muhimmin taro, ƙwayar magani nake haɗiyewa a cikin jirgin ƙasa in yi shiru, babu mai kallon fuskata ya gane. Hajiya ta rasu shekarun baya. Ƙyamar tana nan daram, mai cokalin ce babu.