Baba Kujera da Ƙofar da Aka Rufe Masa

Kafin rana ta ɗaga, Baba Kujera ya riga ya shiga zauren jarrabawa. Haka yake yi tun gashin kansa baƙi wuluk har ya koma fari fat. Shi ne mai kula da zauren da jami'a ke tantance sababbin ɗalibai, inda ake gwada su a san mai wucewa ajin farko kai tsaye da mai tsayawa share fage. Zai buɗe tagogi, ya goge allo, sannan ya shiga aikin da ya jawo masa sunan nan: ya bi kujerun ɗaya bayan ɗaya yana zama a kai. Ya zauna, ya jijjiga, ya jingina. Wadda ta yi rawa, ya durƙusa ya cusa mata kwali a ƙarƙashin ƙafa. Wadda ƙusa ta leƙo, ya zaro 'yar gudumarsa daga aljihu.

Ni mai ba ku labarin, fensir da abin gogewa da ruwan sanyi nake sayarwa a bakin zauren nan tun ina goyon 'yata. Ban yi boko ba. 'Yata ce take rubuta abin da nake faɗa, kuma na ja mata kunne kar ta sassauta mini magana.

A wancan zamanin, in ya gama zagayensa sai ya leƙo ta taga.

"Uwar Fensir, yau ma fensiranki marasa baki kika kawo wa 'ya'yan mutane?"

"Kai dai ji da guragun kujerunka."

"Nawa ai ina yi musu magani. Naki fa?"

Kujerun zauren irin masu ɗan katakon rubutu ne a hannun dama. Kowa gani yake daidai ne, ban da shi. Shekara da shekaru yana tsaye a bayan zaure yana kallon bahagwai: yaro ya murɗe jiki, gwiwar hannu a sama, fuska ta karkata wajen maƙwabci. Masu sa ido kuwa sai su ɗauka leƙen amsa yake yi. Ya taɓa ganin an fitar da wani a kan haka, yaron yana rantsuwa yana kuka, abin bai bar ransa ba.

Shekarar da 'yata za ta zauna jarrabawar, ta zo duba wurin zamanta, ta tsugunna tana fiƙe mini fensira. Ya tsaya yana kallon hannunta.

"Wannan 'yar taki bahaguwa ce?"

"Tun haihuwa. Malamai sun yi sun yi, sun haƙura."

"Kuma ita za ta zauna jibi?"

Ya zaga bayan zaure inda ake jibge karyayyun kujeru, ya ɗauko ɗaya a ka, sai rumfar kafinta. Kafintan yana nan da rai, ku je ku tambaye shi. Da Baba ya ce a mayar da katakon rubutun hagu, kafintan ya ce masa, "Baba, in juya hannun kujera? Hukuma ta sani?" Shi kuma ya ce, "Hukuma ai ta yar da ita. Kai dai juya, ɗan'uwa." Ranar jarrabawa yarinyata ta zauna a miƙe kamar kowa, ta gama rubutunta ba wanda ya ɗaga mata ido, ta wuce ajin farko. Yau jinin marasa lafiya take gwadawa a asibiti, da hagun nan.

Daga ita kujerun hagu suka yi ta ƙaruwa, har suka cika layin jikin taga. Ya tsaya a bakin ƙofa, ɗalibai na shiga, yana tambayar kowa a hankali, "Da wane hannu kake rubutu, ɗana? Ke fa, 'yata?" Mai shara ta ba ni labarin wata mai tsohon ciki da kujera ta ƙi ɗauka, ya je ya kinkimo teburin cin abincinsa ya ajiye mata kusa da ƙofa, don ta sha iska.

Kai ne, Baba, mai gyara wa baƙo wurin zama kafin ka san sunan ubansa. Kai ne fuskar farko da ta yi wa yaran nan murmushi a wurin da kowa ke ɗaure musu fuska. Ba ka taɓa duba takardar kowa ba, amma ba ka bari kujera ta kayar da ɗan kowa ba.

To, ku ji abin da ya sa na ce a rubuta. Baba ya yi ritaya bara. An ce daga baɗi da kwamfuta za a riƙa tantancewa, a wani sabon gini, bana ce ta ƙarshe a tsohon zaure. Ranar zaman farko na bana ya saka rigarsa mai kyau, ya zo ya gani kawai. A gabana sabon mai gadi ya tare shi.

"Baba, ina katinka?"

"Na mayar musu da shi, ɗana. Leƙawa kawai zan yi in fito."

"Ba kati, ba shiga. Ka koma wajen iyaye ka jira."

Na taso zan yi magana, ya ɗaga mini hannu. Ya ɗan tsaya yana kallon tagogin, rabi ba a ma buɗe ba, sannan ya juya ya tafi. Ko tsokanata bai yi ba.

Ban ga laifin mai gadi ba, abin da aka ce masa ya yi. Na je ofis, aka ce in dawo. Na dawo, aka ce mai ofishin yana taro. Daga baya wata ma'aikaciya ta ce, "Mama, ki rubuto." To, ga shi na rubuto, kuma kowa ya karanta. Ba lambar yabo nake roƙa masa ba. Mako mai zuwa za a yi zaman ƙarshe. A buɗe masa ƙofa ya shiga, ya tsaya inda ya saba tsayawa, ya ga yara sun zauna lafiya, ya fito da ƙafarsa. Ku hukumar jami'a, wannan ya fi ƙarfinku?

Baba, mun gode. Allah ya saka maka, ya ba ka tsufa mai sauƙi. Ku kuma masu aikin sabon gini, ku koya daga gare shi: kafin yaran mutane su shigo, ku zauna inda za su zauna, ku ji abin da za su ji.

Duk wanda ya taɓa rubutu a layin jikin taga, ko likita ne yanzu ko lauya, ya zo ranar da sassafe mu rako shi. Ni zan shige gaba. Ni ma ba ni da kati, mai tambaya ya fara da ni.