Gurbi na Tara

A Ƙofar Mazugal kowa ya san shagon Ilu mai gyaran rediyo, amma kaɗan ne suka san injiniya ne. Ya gama jami'a a shekarun da soja suka koma bariki, lokacin da kowane saurayi ke ganin ƙasa ta buɗe masa. Abin da ya ƙware a kai shi ne Verilog, yaren da ake tsara ƙwaƙwalwar na'ura da shi.

Yayarsa Sa'ida ce ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu, da kiwon kaji ta ɗauki nauyin karatunsa. Don ya saka mata, ya ƙera akwatin ƙyanƙyasa mai ma'aunin zafi biyu. Na'ura ta haɗa abin da suka nuna, ta raba biyu, in da sanyi ta kunna wuta. Da damina ya gwada, 'yan tsaki suka fito lafiya lau.

"Yaya, ki huta da kajin nan masu gudun kwanci," in ji shi.

"To, Injiniya. Yanzu kai ne uwar kaji."

Da bazara ta zuba masa ƙwan gidan kaf, ta sayar da manyan kajin tana jiran sababbi. Ranar da zafi ya kai maƙura, ta dawo daga gidan suna ta tarar ɗakin yana warin dafaffen ƙwai.

Daga baya Ilu ya gano dalili. Kowane ma'auni gurbin lamba takwas ya ba shi, irin lambobin na'ura na sifili da ɗaya, amsar ma takwas. A ƙa'idar yaren, lissafi ba ya wuce faɗin mafi girman abin da ke cikinsa. In jimla ta yi yawa, lambar da ta hau sama zubar da ita ake yi, babu gargaɗi. Da damina jimlar ba ta taɓa cika gurbin ba. Da bazara ta tumbatsa, lambar sama ta zube, amsa ta fito 'yar ƙarama, na'ura ta ɗauka sanyi ake, ta yi ta hura wuta. Gurbi na tara kaɗai ya rasa.

Ya gyara, ya zo mata da bayani. Ta saurara har ƙarshe, tana wanke kaskon ruwan kajin da babu mai sha.

"Na ji, Ilu. Allah ya sa hakan shi ne alheri."

Ba ta taɓa yi masa gori ba, ba ta kuma sake kiransa Injiniya ba. Akwatin yana nan a shago har yau. A ciki yake tara matattun batura.